Wane littafin fassarar mafarki ya kamata mai koyo ya saya?

Littafin fassarar mafarki na farko da na mallaka, a bakin masallacin Juma'a na saye shi a nan Katsina, wajen wani mai baza littattafai a tabarma tsakanin carbi da turare da asuwaki. Ɗan siriri ne mai koren bango, da Hausar boko, an dangwara sunan Ibn Sirin a sama da manyan baƙaƙe. Babu sunan mai fassara, babu na maɗaba'a. Sati biyu da sayensa Gwaggona ta ce ta yi mafarkin haƙorinta na sama ya fita ya faɗo a tafin hannunta. Ni kuma sabon shiga, ga rawar kai, na buɗe na karanta mata layi ɗaya tilo da ke wurin: wani namiji a dangi zai rasu. Lokacin ɗanta na fari yana kan hanyar Legas da tirela. Kwana tara tuwo bai wuce mata ba. Da ya dawo lafiya da buredinsa na tsaraba, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, da ka bar ni da mafarkina." Ashe ma haƙorin ciwo yake mata, daga baya aka cire shi.

Tun daga ranar, duk littafin da na ɗauka babin haƙori nake fara buɗewa. Idan layi ɗaya na tarar, in mayar wa mai shi in yi gaba.

Wanda kowa ke tambaya shi ne na Ibn Sirin, wato Muntakhabul Kalam. Muhammad ɗan Sirin tabi'i ne, wato ya riski sahabbai, mutumin Basra, ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma ba a ja a kan cewa gwani ne a wannan fanni. Sai dai malamai da dama sun nuna cewa littafin ba shi ya rubuta ba, domin a ciki ana ambaton mutanen da suka zo bayan rasuwarsa. Cikakken na Larabci yana da amfani ga wanda ya riga ya yi nisa. 'Yan guntayen da ake yankowa daga cikinsa a mayar Hausa kuwa, irin su ne suka hana Gwaggo cin tuwo.

Na biyu shi ne Ta'aɗirul Anam na Abdulgani Annabulusi, malamin Dimashƙa da ya rasu a 1731. An jera shi bisa haruffa kamar ƙamus, don haka neman abu a ciki ba wuya. A nan ne na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi: an ce haƙoran sama in sun faɗo a hannu dukiya ce, in a cinya ɗa namiji ne, sai in sun faɗi ƙasa ake maganar rasuwa, mai bashi kuma ana iya fassara masa da biyan bashi. Wato ko a bisa littafin Annabulusi, abin da na karanta wa Gwaggo ba daidai ba ne. Wanda ya taƙaita ya ɗebi mafi ban tsoro ya watsar da saura. Illar Annabulusi ita ce zai ba ka fassara goma a kan abu ɗaya, ya bar ka tsaye ba ka san wadda za ka ɗauka ba. Al'isharat na Ibn Shahin kusan tafiyarsu ɗaya, in kana da wancan ba ka bukatar wannan.

Ni dai in za a bi tawa, mai koyo ya nemi ɗan littafin Ibn Ƙutaiba, Ta'abirur Ru'uya. Mutumin ya rasu a 276 bayan Hijira, littafinsa na cikin mafi tsufa da suka iso mana a fannin, kuma bai kai rabin kaurin Annabulusi ba. Muƙaddimarsa kaɗai ta biya kuɗin littafin, domin a nan yake nuna maka daga ina fassara take fitowa. Wani lokaci daga Alƙur'ani: igiya alƙawari ce saboda ayar igiyar Allah, jirgin ruwa tsira ce saboda Annabi Nuhu, tufafi abokin aure ne saboda ayar Baƙara. Wani lokaci daga hadisi, wani lokaci daga karin maganar mutane, wani lokaci abu ya zo da kishiyarsa, kamar kuka ya zama farin ciki. Wani lokaci kuma daga sunan abin kansa, kamar ɗan itacen da Larabawa ke kira safarjal a fassara shi da tafiya, domin kalmar safar tana cikinsa.

A wannan gaɓar ce na daɗe ina tunani. Bakatsine bai taɓa ganin safarjal ba, balle ya ji safar a cikin sunansa. Mu goro muke mafarki, da fura, da damin gero, da keke napep. In dai harshe da karin magana suna shiga cikin fassara, to goro a mafarkin budurwar da ake maganar aurenta daban yake da goro a mafarkin mai sayar da shi, kuma babu ƙamus ɗin Dimashƙa da zai raba maka su. Dole ka tambayi mai mafarkin: wane ne shi, me yake yi, me ya kwana da shi a rai. Labarin nan da ake bayarwa na Ibn Sirin ma abin da yake koyarwa ke nan. Mutum biyu suka zo, kowa ya ga yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai yi Hajji, ya ce wa ɗayan ɓarawo ne. Na farko ya ɗauko masa daga Suratul Hajji, na biyu daga kiran da aka yi wa ayarin 'yan'uwan Annabi Yusuf, saboda ya dubi halin kowannensu. Ibn Ƙutaiba ne kaɗai a cikin waɗanda na riƙe ya sa na daina buɗe shafi kafin na buɗe baki in yi tambaya. Samunsa da ɗan wuya a nan. Ni sai da na ba da sautu Kano, Kasuwar Kurmi. Kuma da Larabci yake, don haka ka nemi wanda zai biya maka.

Ka haɗa shi da Kitabut Ta'abir na cikin Sahihul Buhari, wanda ba sai ka saya ba, akwai shi a kusan kowane zaure. A nan za ka ga nono an fassara shi da ilimi, riga da addini, ka ga cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Na Gwaggo na ukun ne, ciwon haƙori ne ya bi ta cikin barci. Risala ma da muka biya tun muna yara ta faɗa a ƙarshe-ƙarshenta cewa bai kamata wanda ba shi da ilimin mafarki ya fassara shi ba. Na karanta wurin, na wuce, na je na yi aika-aika.

Littafin mafarki na Freud, Bature masanin halayyar ɗan'adam, na 1900, a bar wa 'yan jami'a masu jarrabawa. Manhajojin waya kuwa wancan koren littafin ne aka zuba a ciki, aka ƙara talla.

Ɗiyar yayata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta nuna mini wani abu a wayarta da ake tallatawa tare da littafin koyo, wai katin tarot. Kati 78 ne, manya 22, ƙanana 56. A arewacin Italiya ya fara a ƙarni na 15 a matsayin wasan karta, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mai da shi abin duba a Faransa, kuma zanen da ya fi yawo a yanzu na 1909 ne, bugun Landan. Zanen da kyau, ban musa ba. Amma na ce mata, "'Yar nan, wannan bugun ƙasa ne aka yi masa launi." Mafarki zuwa yake yi ba ka kira shi ba. Kati kuwa kai ne kake baza shi kana neman gaibu, kuma hadisin wanda ya je wajen ɗan duba ba a karɓar sallarsa kwana 40 yana nan cikin Sahihu Muslim.

Yanzu maganar 'yan damfara, wadda ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Duk littafin da ka juya bayansa ka ga lambar waya da "a tuntuɓi malam don ƙarin bayani", ƙugiya ce. Fassarorin ciki da gangan ake tsananta su, mutuwa, sammu, aljani ya aure ki, don ka kira. In ka kira, malam zai yi shiru, ya ja numfashi, ya ce wannan mafarki da nauyi, amma akwai mafita. Mafitar farin rago ce, ko kuɗinsa, a turo ta asusu shi zai yanka a can. Wata maƙwabciyarmu sau biyu tana turawa, a na uku aka ce ragon bai karɓu ba sai baƙin sa. Irin su sun cika TikTok da WhatsApp, da rawani da carbi mai dubu, suna fassara mafarkin mutum ɗari a zama ɗaya ba su tambayi ko ɗaya sana'arsa ba. Wasu ma sunan mahaifiya suke fara tambaya, wanda mai fassarar mafarki ba shi da abin yi da shi, aikin boka ne. Sannan ga jabun bugu. Akwai wanda aka ɗauki hoton bugun Beirut aka sake bugawa a takarda mai shan tawada, ɗige-ɗigen haruffa sun haɗe, ba ka raba ba'un da ta'un, alhali ɗigo ɗaya kan sauya kalma gaba ɗaya. Annabulusi na farko da na saya, shafi 16 ne babu a tsakiya, an maimaita waɗanda suka gabace su, ban lura ba sai bayan wata uku. Da na koma, mai littafin ya ce, "Malam, ai haka suka zo mana a kwali."

Don haka kada ka ji kunyar tsayawa a gaban mai shago. Ka nemi sunan maɗaba'a da na wanda ya yi tahaƙiƙi, wato ya tantance rubutun, ka duba fihirisa ka zaɓi kalma uku ka ga ko lambar shafinsu ta yi daidai, ka bi lambobin shafi da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe. In na Hausa ne kuma mai fassara bai sa sunansa ba, ka ajiye. Ni har yau da na je gaida Gwaggo na ga ta gyara zama ta ce, "Jiya na yi wani mafarki," sai in ce, "Alheri ne in sha Allahu, Gwaggo. Me kika ci da daddare?"