Hoton CT na ciki a Kano: ya ci kuɗinsa ga mai ɓoyayyiyar ƙaba?

Hidimar da muka duba ita ce ɗaukar hoton CT na ciki (hoton na'ura da ke nuna cikin jiki yanka-yanka) cikin gaggawa, kamar yadda ake samunta a birnin Kano, a manyan asibitoci da cibiyoyin hoto masu zaman kansu. Mun auna ta da ciwo guda mai wuyar ganewa, wato toshewar hanji da ɓoyayyiyar ƙaba ke jawowa. A ganinmu hoton ya ci kuɗinsa, amma sai an yi shi da allurar rini ta jijiya (ruwan da ke sa jijiyoyin jini su fito fili a hoto), an samu likitan hoto da ya san abin da yake nema, kuma sakamako ya fito cikin awa ɗaya ko biyu.

Ƙabar da kowa ya sani tana kumburowa a matsematsi ko cibiya, likita ya taɓa da hannu ya gane. Wannan kuwa ba ta fitowa waje. Hanji ne ke zurmawa cikin wata kafa ko aljihu a can cikin ciki, ya maƙale. Ba ta kai kashi 6 cikin 100 na toshewar ƙaramin hanji ba, shi ya sa ake mantawa da ita. A Kano, in mutum ya zo da kumburin ciki da amai, hankali ya fi tafiya ga ƙabar matsematsi da ta shaƙe, ko mannewar hanji bayan tsohon aiki, ko murɗewar hanji, ko hujewarsa saboda taifot. Daidai ne a fara da su. Amma matashin da ba a taɓa yi wa tiyata ba, ba shi da kumburi a matsematsi, ya daɗe yana fama da murɗar ciki bayan cin abinci ana ba shi maganin olsa, yau kuma ga amai kore, ba kashi ba tusa, wannan shi ne wanda CT zai fi yi wa amfani.

Hoton eksire da sikanin da aka saba farawa da su suna nuna cewa hanji ya toshe, amma galibi ba sa nuna dalili. Wani lokaci ma eksire kan fito kamar lafiya lau, domin hanjin da ya shaƙe ruwa ne ya cika shi, ba iska ba.

Ga yadda aikin ke tafiya a wurin da ya san kansa. Kafin a motsa mara lafiya ana sa masa ƙarin ruwa, a zura robar hanci don zuƙe abin da ya taru a tumbi, a sa robar fitsari. Mace a tambaye ta batun juna biyu. Ana sa babbar allurar jijiya, lamba 18 ko 20, domin rinin yana shiga da sauri, wajen mililita 3 a daƙiƙa. Babban mutum kan ɗauki mililita 80 zuwa 100, sannan a jira daƙiƙa 60 zuwa 70 kafin a ɗauka, daga ƙasan ƙirji har mara. Ɗaukar kanta ba ta kai minti ɗaya ba.

Inda hidimar ta fi gazawa shi ne wurin rinin nan. Wasu wuraren kan ba da zaɓi biyu, mai rini da marar rini, dangi kuma su ɗauki mai rahusa saboda halin da ake ciki. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya yi musu bayani. Amma hoto marar rini ba ya nuna jijiyoyin jini sosai, kuma ba ya nuna ko jini na isa bangon hanji. Waɗannan biyun su ne amsar da likitan tiyata ke jira. Wani kuskuren shi ne a ba mai amai lita guda ta ruwan rini ya sha, ya zauna a benci awa biyu. A toshewa mai tsanani ba a bukatarsa, kuma yana iya amayar da shi ya sarƙe ya shiga huhu. Gwajin ƙoda yana da kyau in yana hannu, sai dai idan ana tsoron hanji na mutuwa ba a jinkirta hoto dominsa.

Sai karatun hoton, wanda a nan ne cibiyoyi suka fi bambanta. Sakamakon da ya tsaya a "toshewar ƙaramin hanji" bai ƙara wa likita komai ba. Mai kyau zai faɗi inda hanji mai faɗin da ya wuce santimita 3 ya koma siriri, ko toshewar a wuri biyu take ta rufe wani yanki gaba da baya, ko jijiyoyin tantanin da ke riƙe hanji sun murɗe, ko akwai ruwa a ciki. Ɓoyayyiyar ƙaba da aka fi sani, wajen rabin waɗanda aka saba gani, tana gefen farkon ƙaramin hanji, kuma ta hagu ta ninka ta dama kusan sau uku. A hoto za a ga hanji ya taru wuri ɗaya kamar an ɗure shi a jaka, kusa da bayan tumbi. Akwai wadda ke bi ta wata kafa da ake kira Winslow a ƙarƙashin hanta, da wadda ke bi ta ramin tantanin hanji, wadda aka fi gani a yara, da ta tantanin gefen mahaifa ga mata. Wanda ya je waje aka yi masa tiyatar rage ƙiba ta hanyar karkatar da hanji, lallai ya faɗa tun a bakin ƙofa, domin aikin kan bar kafar da hanji ke zurmawa ko bayan shekaru.

Wannan bayani yana da amfani har cikin ɗakin tiyata. A ta hagu, wata babbar jijiyar jini ce ke bin bakin aljihun. A ta Winslow kuwa, jijiyoyin hanta da bututun ɗaci ne a bakin kafar. Likitan da ya san haka tun kafin ya buɗe ciki ba zai yanka bakin don faɗaɗa shi ba, zai rage kumburin hanjin ya zaro shi a hankali.

Batun lokaci ya fi damunmu. Hanjin da jini ya daina isa gare shi yana iya fara mutuwa cikin kamar awa shida. A ɗauko mutum a adaidaita sahu, a ratsa cunkoson gari, a tarar na'ura na jiran janareta, sannan a ce a dawo gobe karɓar sakamako, wannan ba hidimar gaggawa ba ce. Shawararmu ita ce a fara kai mara lafiya inda ake tiyata dare da rana, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ko Asibitin Murtala, likitan tiyata ya duba shi, shi zai ce a yi hoto. Idan ciki ya yi tauri, zuciya na bugawa da sauri, ga zazzaɓi, jini ya sauka, to ɗakin tiyata za a nufa ko da ba hoto.

In kuma dole sai an fita waje ɗaukar hoton, a buga waya tukuna a tambaya: na'ura na aiki yanzu, akwai rini, likitan hoto na nan? A tafi da ma'aikacin jinya da ƙarin ruwan a hannu. A wurin karɓa kada a tsaya ga fim ɗin da aka buga, domin 'yan hotuna kaɗan ne aka tsinto daga ɗaruruwa. A nemi a sa duka a faifan CD, har da yankan tsaye, wato hotunan da ke nuna cikin daga sama zuwa ƙasa.