Hilux ko Raptor: Me Ya Sa Mai Gudun Ke Daɗewa a Hannun Dillali?

Assalamu alaikum. Ƙanena na ƙasar Auyo, na ga tambayarka tun shekaranjiya, hidimar girbi ce ta hana ni zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi ya shiga Kano neman akori-kura da zai riƙa kwasar shanshera da taki, sai ya tarar da wata Ford Ranger Raptor a wurin masu sayar da motoci. Ta yi wata da watanni a ajiye, har an rage mata kuɗi sau biyu, alhali duk Hilux ɗin da aka kawo ba ta cika sati biyu. Shi ne yake tambaya: tunda ta fi Hilux ƙarfi da kyan gani, me ya sa mutane ke tsallake ta, kuma ko ya yi wuf da ita?

Ni ba dillali ba ne. Jigilar hatsi na yi shekaru ina yi tsakanin Gujungu, Ringim da Dawanau. Da Peugeot 504 akori-kura na fara, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, daga baya Allah ya hore mini Hilux. Da idon mai lodi zan jera maka su.

Maganar ƙarfi ba ta da gardama. Hilux ɗin da ta fi yawa a wajenmu ita ce mai injin fetur na lita 2.7, ƙarfinta bai wuce doki 160 da 'yan kai ba. Raptor ta farko, wadda ta fito a 2018, injin dizal gare ta na lita 2 mai turbo biyu, doki 210 da ɗoriya, da giya goma otomatik. Ta biyun da ta fito a 2022 injin fetur ne mai silinda shida, lita 3, kuma a wasu ƙasashen ƙarfinta ya kusa doki 400. In aka jera su a titin Kano zuwa Haɗeja aka ce a taka, kafin mai Hilux ya saka giya ta uku ya daina hango ta. Wannan na ba ta.

To amma kai ba tsere za ka je ba, Dawanau za ka je. A nan ne lissafin ke juyewa.

Sunkuya ka leƙa ƙarƙashin Hilux ta baya. Za ka ga sifirin na ganye, faifan ƙarfe a jere ɗaya bisa ɗaya, irin na Kanta da manyan motoci. Shi ya sa in babu kaya take tsalle da kai kamar ɗan maraƙi, in an loda ta kuma sai ta nutsu ta kwanta a hanya. Yanzu leƙa ƙarƙashin Raptor. Babu ganye ko ɗaya. Sifirin ne mai murɗi irin na ƙananan motoci, da wasu dogayen shokozoba na kamfanin Fox. An yi su da laushi da gangan, don motar ta faɗa rami da gudu ta fito ba ta jijjiga direba ba, ta yi tsalle a tudun rairayi ta sauka lafiya. Abin da aka yi shi don ya lotsa kuwa ba ya son nauyi. Shi ya sa a takardar kamfanin kansa, Hilux na ɗaukar wajen tan ɗaya gwargwadon samfurinta, Raptor kuwa wajen kilo 700 take tsayawa. Kuma wannan adadin har da mutanen da ke ciki. Ka ɗauki kanka, da yaron mota, da 'yan dako biyu, kun cinye kusan kilo 280. Abin da ya rage buhu huɗu ne na masara, in ka matsa. Ko a wajen jan kaya haka abin yake: Ranger ta gama-gari, 'yar'uwarta da suka fito gida ɗaya, tana jan kilo 3,500, ita Raptor 2,500. Wato ka ƙara kuɗi mai yawa don a rage maka lodi.

Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, wa ke bin abin da takarda ta ce a garuruwanmu? Ranar Alhamis ka tsaya a hanyar Maigatari ka ga yadda ake jibga wa akori-kura buhunan riɗi da zoɓo, a ɗora awaki, mutane su hau sama. Ba na yabon wannan ɗabi'a, ta ci rayuka da yawa. Amma mai saye ya san haka motarsa za ta rayu, kuma ya san in bayan Hilux ya fara sunkuyawa, mai walda zai ƙara mata ganye ɗaya ko biyu kafin la'asar. Raptor fa, me za a ƙara mata? Ranar da shokozoba ɗaya ya fara yoyo, ba a Haɗeja za a same shi ba.

Batun mai ba zan daɗe a kai ba, don Hilux mai fetur ita ma ba waliyyiya ba ce, tana sha. Bambancin yana wajen irin man da kowacce ke iya haɗiya. Injin Hilux mai fetur ba shi da turbo, ba shi da tsirfa, man 'yan bumburutu na cikin galan ma yana ci ya yi tari ya wuce. Inji mai turbo biyu da aka matse shi don ya ba da doki 400 mai tsabta yake so, da baƙin mai na musamman, da juye a kan lokaci. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 ya san abin da mummunan mai ke yi wa inji. Raptor mai dizal ɗin kuma, in daga Turai aka kawo ta, akwai matatar hayaƙi a salansarta da ke toshewa in man ba shi da kyau, sai kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi da kanta, ka ga doki 210 ya koma tafiyar amalanke. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Tun daga lokacin, duk wanda ya tsaya gaban mota tambayarsa ta farko ita ce "yaya shan manta?", ba "nawa take gudu?" ba.

Gyara shi ne inda nake so ka buɗe kunne. Toyota ta fara ƙera Hilux tun 1968, kuma babu garejin da za ka shiga daga Wudil zuwa Gumel ba ka sami wanda ya taɓa kwance injinta ba. Kayanta a Ƙofar Ruwa kamar gyaɗa: sabo, na gwanjo, na kanti, na China, ka zaɓa daidai aljihunka. In ta lalace maka da hantsi, ka yi waya a saka kayan a motar haya, da magariba kana kan hanya. Ita kuwa waccan, in fitila ta kama a gaban direba, sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. Giya goma otomatik ba abin da bakaniken kauye zai buɗe a gindin darbejiya ba ne. Tayoyinta manya ne masu faɗi, guda ɗaya ta isa ta saya maka buhunan taki. Kayan nan kuma da dala ake sayo su, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024.

Na ga wannan da idona. Wani abokin kasuwancina ya sayi wata ƙatuwar akori-kura 'yar Amurka, ranar da ya shigo da ita kasuwa har yara suka bi ta da gudu. Damina ɗaya ta yi. Wani ɗan ƙaramin abu ya mutu a giyarta, aka ce sai an yi odarsa daga waje. Ta kwana a gareji tun ana shuka har aka yi girbi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, shi kuma yana biyan hayar Kanta don kwashe amfanin gonarsa. Ban yi masa dariya ba, don ni ma ranar farko sai da na shafa bodinta na ce masha Allah.

Sai dai duk wannan bayanin manomi da ɗan kasuwa ya shafa. Za ka iya cewa, to ai akwai masu kuɗin da ba ruwansu da lodi ko tsadar gyara, su me ya hana su saye? A ganina nan ne ainihin amsar tambayarka take.

Dubi yadda mai kuɗinmu yake shiga mota. Ba ya tuƙi. Direba gare shi, shi yana baya a hakimce, babbar riga ta sha aiki, waya a kunne. Duk daɗin Raptor kuwa a sitiyari yake da totur. Wanda ke kujerar baya bai sami komai ba sai ƙarar salansa da matsatsen wuri, ga tsawo, sai ya tattare riga kafin ya hau. In Alhaji zai kashe irin wannan kuɗin, Prado zai saya, ko Land Cruiser, ko Lexus LX 570, motar da in ta tsaya a wurin ɗaurin aure maroƙa sun san wanda za su fara kira. Akori-kura kuwa, ko da zinare aka yi ta, a idon mutanenmu motar kaya ce ko ta 'yan rakiya. To ka ga ta zama jemage, tsuntsaye sun ce ba tasu ba ce, dabbobi ma haka. Mai lodi ya ce ba ta ɗaukar kaya, mai alfarma ya ce ba ta ɗaukar girma. Wa ya rage? Matashi mai son tuƙi da kansa, wanda kuma yake da kuɗin. Irinsu nawa ne a Jigawa gaba ɗaya?

Akwai kuma hanyar da akori-kura ke bi kafin ta iso hannunmu. Sababbi fil gwamnati ce ke saye, da jami'an tsaro, da kamfanonin hanya, da ƙungiyoyin agaji, goma-goma ko ɗari-ɗari. Su mota suke so mai sauƙin gyara da kowane direba zai iya riƙewa, shi ya sa suke zuba kuɗinsu a Hilux. Bayan wasu shekaru a yi gwanjonsu, su gangaro ga irinmu, kayan gyaransu su cika kasuwa, makanikai su ƙware a kansu. Babu ma'aikatar da za ta yi odar Raptor hamsin. Don haka kullum ɗaiɗaiku za ka gani, kuma motar da take ita kaɗai a gari ba ta da kasuwa ranar sayarwa. Hilux kamar saniya ce, in buƙata ta taso ka kai ta yau, ka dawo da kuɗi yau. Waccan kuwa ai ka ga yadda take zaune a hannun dillalin da ya fi ka sanin masu saye. Ragin da aka yi maka sau biyu, kai ma sai ka yi wa wani, wataƙila sau uku.

Kada ka ɗauka talaucinmu ne kawai. A ƙasashen da ake ƙera su ma irin waɗannan motoci ba su cika tsawon rai ba. A Amurka an yi GMC Syclone a 1991, 'yar akori-kura mai tsere da motocin gudu, amma kayan da aka yarda ta ɗauka bai kai kilo 230 ba, buhu biyu da ɗan ƙari ke nan. Wajen guda 3,000 aka ƙera aka tsaya. Dodge Ram SRT-10, mai silinda goma da doki 500, daga 2004 zuwa 2006 ta yi. Ram TRX da ta fito a samfurin 2021 da doki 702, a lissafin hukumar Amurka kanta lita ɗaya wajen kilomita 5 take kai ta. A Ostireliya, inda suka daɗe da son akori-kura mai ƙirar ƙaramar mota, akwai HSV Maloo, 'yar gidan kamfanin Holden, da ta kafa tarihin gudun akori-kura a 2006, kilomita 271 a awa. Ana tafa mata, amma masu saye suna ta komawa Hilux da Ranger masu ƙofa huɗu, waɗanda ke ɗaukar iyali da kaya lokaci guda, har kamfanin Holden ya rufe masana'antarsa ta can a 2017. Mercedes ma ta gwada akori-kurar alfarma mai suna X-Class a 2017, a kan ƙashin Nissan Navara, zuwa 2020 ta haƙura.

Kada in zalunce ta dai. Ita Raptor ta fi waɗancan sa'a, tana da masoyanta a Amurka da Ostireliya, inda mutum ke da motar aiki daban, wannan kuma ta shan iska ce ranar hutu. Kuma a kan burji mai ƙwarya-ƙwarya ko rairayin wajen Birniwa, babu Hilux ɗin da za ta ba ka irin kwanciyar da take bayarwa. Ƙugunka ba zai yi ciwo ba. In da likita ne kai mai zagaya ƙauyuka da jaka ɗaya, kuma wani ke biyan gyara, da na ce bismillah. Amma hanyar fadamarku da damina ba gudu take so ba, fowil take so, wato jan tayoyi huɗu gaba ɗaya, da haƙuri, kuma Hilux mai fowil tana da shi. Faɗin Raptor ya haura mita 2, ka tuna da 'yan siraran hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa a gonakin shinkafa.

Don haka ƙanena, in shanshera da taki ne gabanka, nemi Hilux mai giyar hannu da fowil, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi ya duba ƙashinta, don waɗanda suka fito daga hannun ma'aikatu wasu sun sha wuya. In lodinka ya wuce buhu goma a sawu, ma ka bar batun akori-kura, Kanta ce motarka. In kuma zuciya ta ƙi, ta ce sai Raptor, to kafin ka ba da kafin alƙalami ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin shokozobanta ɗaya da taya ɗaya, da kwana nawa za a yi kafin su iso. Ka rubuto mana abin da suka faɗa maka, ni ma ina son in ji farashin bana.