Wata bakwai da katin girafik mai ruwa: sanyi kam akwai, obakilok ɗin ne dai sai a hankali

Abokai sun dame ni da tambaya wai katin girafik (katin da ke fitar da hoto a kwamfuta) mai sanyaya da ruwa yana ƙara gudun gem ne ko ƙawa ce kawai, to bari in faɗi abin da idona ya gani. Nawa RTX 4090 ne na NVIDIA mai 24GB, irin wanda yake zuwa a haɗe da famfonsa da tiyo biyu da lagireto mai 240mm, ba sai ka zuba komai ba, ɗaurawa kawai za ka yi.

Wajen sanyi wallahi ba ni da ta cewa. Tsohon katina mai fanka da an shiga gem mai nauyi sai ya haura digiri 75 yana ta kururuwa kamar zai tashi sama, wannan kuwa ina buga Cyberpunk 2077 a 4K da komai a ƙure awa uku huɗu amma da ƙyar yake wuce 58. Kuma sanyin ba na banza ba ne, don katunan NVIDIA da kansu suke rage gudu kaɗan kaɗan, wajen 15MHz duk taku, idan zafi na hawa, to mai ruwa yana riƙe gudunsa daram daga farkon wasa har ƙarshe.

Amma fa obakilok, wato ƙara wa katin gudu fiye da yadda ya zo daga kamfani, hmm. Na buɗe MSI Afterburner, manhajar saita katin, na ja sandar iyakar wutar da yake ja har ƙarshe, na ƙara 150 a kan gudun cip ɗin ya kusa taɓa 3,000MHz, ina ta murna, da na kai 200 sai Port Royal, gwajin da ke ba kati maki, ya mutu a tsakiya. Na koma 150 na shiga gem, firem (hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya) uku ko huɗu kawai na samu ƙari, abin da in ba lambar kake kallo a gefen allo ba ko a jikinka. Kuma a lokacin katin bai ma yi zafi ba! Nan na gane ba zafi ne ke tare hanya ba, boltej ne, an ƙayyade shi bai wuce wajen 1.1 ba, ko ƙanƙara ka ɗora masa iyakarsa ke nan. Ga wutar da yake ja ta tashi sosai a kan 450W ɗinsa na asali saboda firem huɗu.

Memori ya ɗan fi ba ni riba, na ƙara 1000 ya zauna lafiya. Sai dai a kula, GDDR6X, irin memorin katin nan, in ka matsa masa da yawa ba lallai gem ya mutu ba, sake tura bayanan da suka samu kuskure yake yi, sai ka ga lamba ta hau amma maki na sauka. Duk ƙarin da ka yi ka sake gwaji.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Ruwa ba ya cinye zafi, kwashe shi kawai yake ya watso maka a ɗaki, bayan awa biyu za ka sani. Sannan inda ka ɗaura lagireto, da farko a ƙasan akwatin na sa shi sai nake jin ƙululu ƙululu, ashe iska ce ke taruwa a famfo tunda shi ne a sama, laifina ne, da na mayar da shi saman akwatin shiru kake ji. Famfon dai yana ɗan gunji ko ba ka wasa, da daddare za ka ji shi, kuma ranar da ya tsaya katin gaba ɗaya ya tsaya, wannan na raina kullum.

Yanzu ma na cire obakilok ɗin cip, na bar na memori, na sauke sandar wuta zuwa kashi 80. Firem biyu zuwa uku na rasa, ɗakin ya rage ɗumi, fankokin lagireto kuwa sai na leƙa nake sanin suna juyawa.