HO ko N: wanne ya dace da mai son gina tasha ya ɗauke ta hoto?

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka. Ka ce kana da bango ɗaya mai tsawon mita 2 da rabi a ɗakinka, kana son gina ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa irin ta da, da rumbun ajiye kaya da dalar gyaɗa kamar wadda aka yi a Kano, ka ƙawata ta, sannan ka riƙa ɗaukarta hoto da wayarka. Abin da ya tsaya maka shi ne ma'auni, wato yawan rage girman da aka yi wa samfurin: HO za ka saya ko N? Amsata HO ce, amma a kan kantar katako da aka kafa a jikin bango, ba teburin da jirgi ke zagayawa ba. Bari in ajiye maka su gefe da gefe ka gani da idonka, don akwai wuraren da N ta yi wa HO fintinkau, kuma ba zan ɓoye maka su ba.

Mu fara da lissafi, don komai daga nan yake tashi. HO na nufin an rage abu sau 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafunan layin milimita 16.5 ce. N kuwa sau 160 ne a Amurka da yawancin Turai, sau 148 a Ingila, sau 150 a Japan, dukansu a kan layi mai faɗin milimita 9. Kamfanin Arnold na garin Nurembag a Jamus ne ya fito da N kasuwa a farkon shekarun 1960, lokacin da HO ta riga ta kafu. Taragon kaya mai tsawon ƙafa 40 yana zama santimita 14 a HO, a N kuma bai kai 8 ba. Taragon fasinja na Turai mai mita 26.4 yana cin santimita 30 a HO, santimita 16 da rabi a N. Mutum mai tsayin mita 1.7 yana kusan santimita 2 a HO, a N kuma ya ɗan haura santimita 1. Riƙe wannan na ƙarshe a ranka, za mu dawo kansa idan mun zo batun hoto.

A wajen fili, N ce sarauniya, babu gardama. Tsarin da ya cika tebur a HO bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan teburin ba idan aka yi shi a N, saboda ragin yana shafar tsawo da faɗi a lokaci guda. Matsalar HO ita ce kwana. Kwanar da aka saba farawa da ita inci 18 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi, wato kusan santimita 46, don haka kafin jirgi ya juya ya dawo sai ka ba shi kusan mita guda na faɗi. Shi ya sa masu farawa da yawa suke sayen filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 su shimfiɗa zagaye a kai. A ɗaki irin naka wannan tebur zai cinye wurin tsayawa, kuma idan ka jingina shi da bango hannunka ba zai kai can baya ba, don hannun mutum ba ya aiki da kyau bayan santimita 60 zuwa 75. A N, kwanar santimita 28 ko 31 ta isa, kanta mai faɗin santimita 70 za ta ɗauki cikakken zagaye. Da burinka shi ne ka zauna kana kallon dogon jirgi mai taragu ashirin yana ratsa daji, yana shiga bayan dutse yana fitowa, da na ce ka ɗauki N ka huta. Kilomita guda a HO mita 11 da rabi ce, a N mita 6 da kwata, ka ga ko a N ma matse duniya ake yi, amma matsin ya fi sauƙi.

To amma kai ba tafiya kake son ginawa ba, tasha kake so. Tasha kuwa ba ta bukatar zagaye. Akwai wani tsari da Alan Wright ya yi suna da shi a Ingila, Inglenook Sidings: layi ɗaya ya rabu gida uku, ɗaya yana ɗaukar taragu 5, biyu suna ɗaukar 3 kowanne, kana wasa da taragu 8 kana jera biyar daga ciki bisa tsarin da ƙuri'a ta ba ka. Da gajerun taragu da ƙaramin kan jirgi, wannan yana shiga ƙasa da mita 2 a HO, a kanta mai faɗin santimita 40. Ka samu wurin rumbu, ka samu filin dala, ka kuma samu abin yi da jirgin maimakon kallonsa yana bin wutsiyarsa.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe, wato ƙawata wuri. A nan ne HO take rama bashin fili. Ɗauki buhun gyaɗa. A HO girmansa kamar ƙwayar wake ne, a N kamar ƙwayar shinkafa. Na HO za ka iya murza shi da yumɓun roba, ka danna shi da ɗan ƙyalle ya ɗauki zanen saƙa, ka matse kunnuwansa biyu da matsefata, ka shafa masa fenti ruwan ƙasa, kuma duk wannan wahalar za ta fito a hoto. Na N ɗigo ne kawai. Dalar kanta ba sai ka cika ta da buhuna ba: yanka kumfa mai tauri ko kwali a siffar dala, ka liƙa buhunan a waje sahu-sahu daga ƙasa zuwa sama, kowane sahu ya ɗan ja baya. Haka rufin kwano. A HO ana samun sa ta hanyar danna takardar alminiyom mai ɗan kauri a kan wani abu mai layi-layi, a yanka falle-falle, a liƙa suna hawa kan juna, sannan a bi da garin alli ja da ruwan goro a wuraren da tsatsa ke fara ci, wato bakin ƙusa da gefen da ruwa ke zuba. A N ma ana yi, amma da tabarau mai ƙara girma da numfashi a riƙe, kuma a ƙarshe ido ba ya ganin rabin aikin.

Layin kansa yana ba da labari. Tsayin ƙarfen dogo ana auna shi da lamba: Code 100, Code 83, Code 80, Code 55, kowace lamba kashi ce daga dubu na inci. Code 83 a HO daidai yake da ƙarfe mai tsayin inci 7 da ɗoriya a zahiri, wanda ya yi kusa da na babban layi. Code 80 da ya fi yawa a N, idan ka ninka shi sau 160, ya kusa inci 13. Ido ba ya damuwa daga nesa, kyamara kuwa sai ta tona. Masu N da suka damu da wannan suna komawa Code 55. Ko wanne ka ɗauka, ka yi wa gefen ƙarfen fenti ruwan tsatsa ka goge samansa ya yi fes, don ta nan wuta ke shiga ƙafafun jirgi. Tsakuwar layi kuma, ka tankaɗe yashi ko dakakkiyar marmara, ka wuce da maganaɗisu a kai ya tsince ƙarfen da ke ciki kada ya shige cikin injin, ka baza da busasshen burushi, ka jiƙa da feshin ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ka ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa. Jar ƙasarmu ta gaske ta fi duk wadda ake sayarwa a leda kyau a wannan aikin, kuma a HO ƙwayarta ba ta zama kamar duwatsu.

Tunda tashar gida kake so, akwai abin da ya kamata ka sani. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. Layin HO na 16.5 da na N na 9 duk an auna su ne a kan mai faɗin 1,435. Idan ka raba 1,067 da 87 za ka samu 12 da ɗan abu, shi ya sa masu son daidaito suke amfani da layin milimita 12, wanda kamfanonin Peco da Bemo suke yi da sunan HOm. Abin sha'awa a ɓangaren N shi ne yawancin layukan Japan faɗinsu ɗaya da tsohon namu, kuma kamfanonin Kato da Tomix na can suna yin jiragensu a 1:150 a kan milimita 9, sun haƙura da ɗan bambancin. Har ma tsohon ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin milimita 762 da aka rufe a 1957, yana fitowa kusan daidai idan ka ɗora jikin HO a kan layin N. Shawarata a aikin farko ita ce ka tsaya a 16.5, inda kaya suka fi yawa, ka sake wa taragun Turai ko na Amurka fenti da rubutu. Layin 12 zai jira ka.

Batun ƙura kada ka raina shi. Kan jirgin N ba shi da nauyi, wurin da ƙafarsa ke taɓa ƙarfe ɗan mitsitsi ne, ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta sa ya riƙa tsayawa yana cijewa, musamman a tafiyar hankali da ake yi a cikin tasha. HO ta fi haƙuri. Duk da haka ka yi wa kantar murfi ko labule, ka riƙa goge layi da ƙyalle da ɗan sifirit. Ka bar 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗar ƙarafuna saboda zafi yana miƙa su. Sannan ka duba tiransifoma kafin ka saya: na kasuwar Amurka da yawa na wuta mai volt 120 ne, tamu kuwa mai volt 230 ce. Maganar DCC, wato tsarin da ke sa ka sarrafa kawunan jirgi da yawa a layi ɗaya, ka ajiye ta tukuna. Kan jirgi ɗaya a tasha ɗaya wutar DC mai volt 12 ta ishe shi, sai dai in ka zo sawa daga baya, cikin HO ya fi fili, har da wurin lasifika.

Sai hoto. Abin da ke sa a gane samfuri ne abu biyu ne: an ɗauka daga sama, kuma gaba ya fito tangaran baya ya yi dishi-dishi. Maganin na farko shi ne ka sauke idon kyamara zuwa tsayin idon mutumin da ke tsaye a dandamalin tashar. A HO santimita 2 ke nan daga ƙasa. Juya wayarka kai a ƙasa, idon kyamarar ya kusan taɓa yashi, za ka kusa kaiwa. A N santimita 1 ne, jikin wayar ma ba zai bari ka sauka can ba sai ka tsaya a bakin kanta. Na biyun kuma, duk yadda ka matsa kusa da abu, yankin da ke fitowa sarai yana ƙara siririncewa, N kuwa dole sai ka matsa kusan ninki biyu kafin kan jirgi ya cika hoto. Waya tana da sa'a a nan, don ƙaramin idonta yana riƙe nesa da kusa fiye da babbar kyamara. Ka kashe tsarin nan da ke dusashe baya, ka kashe filasha, ka jingina wayar da wani abu, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Mai babbar kyamara yakan tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22 ya ɗora ta a kan ƙafa, ko ya ɗauki hotuna da yawa yana matsar da saiti kaɗan-kaɗan daga gaba zuwa baya, ya haɗe su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus.

John Allen, wanda ya gina samfurin layin dogon da ya kira Gorre & Daphetid a Kalifoniya, mai ɗaukar hoto ne kafin ya shahara da jirage, kuma a HO ya yi aikinsa. Yana cikin waɗanda suka yaɗa ɗabi'ar tsufar da kaya, yana kuma dasa madubai don titi ko layi ya zama kamar ya ci gaba. Gobara ta cinye aikin kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa a 1973, kuma ta hotunansa ne mutane suke koyo daga gare shi har yau. Dabarar madubin za ta yi maka amfani sosai a ƙarshen kantarka, inda layi ke cin karo da bango: sa madubi a tsaye, ka ɓoye gefensa da rumbu a hannu ɗaya da bishiyar kuka a ɗayan. Miniatur Wunderland, wurin nuna samfuran jiragen ƙasa da aka buɗe a Hambug ta Jamus a 2001, shi ma HO ne, kuma rabin abin da ke jan mutane can ba jiragen ba ne, ƙananan mutanen ne da abin da kowannensu ke yi. Kamfanoni irin Preiser da Noch suna sayar da su, wasu ba fenti, kuma a HO za ka iya ɗora wa mutum babbar riga da takardar tishu da aka jiƙa da gam, ka naɗa masa rawani da zare.

In da hali, ka gina kantar gida biyu, kowane mita 1 da kwata, a haɗa da kusoshi masu noti. Ranar hoto sai ka fito da ɓangare ɗaya tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar, ka ɗaga shi kan tebur yadda sararin sama na gaske zai zama bayansa, inuwar dalar ta kwanta a kan layi. Kada ka bar shi a rana ya daɗe, roba tana lanƙwashewa.

Kafin ka kashe kuɗi da yawa, sayi tarago ɗaya na HO da layi guda, ka samu katako mai santimita 30 da 20, ka yi masa tsakuwa da jar ƙasa da buhuna goma sha, ka ɗauka da wayar ka turo mana mu gani. Allah ya ba da sa'a.