Sharhi kan faifan DVD na Scooby-Doo! Mystery Incorporated, zangon farko

Tun daga 1969 da kamfanin Hanna-Barbera ya fara fitar da Scooby-Doo a Amurka, wato shirin katun na wani kare da matasa huɗu masu tono asirin dodanni, kusan kowane kashi cin gashin kansa yake yi: a kama dodo, a tuɓe masa abin rufe fuska, a tarar mutum ne, gobe kuma a manta. Wannan faifai mai kashi 26, na shirin da aka fara nunawa a 2010, ya saɓa wa waccan al'ada, domin asiri guda ne yake tafe daga farko har ƙarshe a garin Crystal Cove, kuma duk wanda ya tsallake kashi ɗaya zai rasa bakin zaren.

Abin da ya fi burge ni shi ne gidan tarihin garin, inda aka jera gumakan dodannin tsofaffin shirye-shirye, har da na Scrappy-Doo, kwikwiyon nan ɗan 'yar'uwar Scooby, wanda Fred, jagoran matasan, ya ce sun yi alkawarin daina ambatonsa. Sai dai garin ya ci karo da Coolsville, garin da shirin A Pup Named Scooby-Doo na 1988 ya nuna yarintar matasan a cikinsa, don haka kada mai saye ya sa ran tarihin zai haɗu ciki da bai. Hoton faifan garau yake, amma wasu wuraren sun yi wa ƙananan yara ban tsoro.