Gargaɗi ga masu mashin a Jega da kewaye: ana sa muku robar bokiti a tayar baya

Jama'ar Jega, Aliero, Maiyama da duk mai shigo mana kasuwa a kan mashin, don Allah ku karanta wannan, ku kuma isar wa 'yan kabu-kabun da kuka sani. Ni bakaniken mashin ne, shekarata 14 ina wannan aiki, kuma abin da zan faɗa na gani da idona, na taɓa da hannuna.

Akwai wani mutum da yake bin kasuwannin ƙauye da jakar kayan gyara, yana tallar robar sufuroket (sufuroket shi ne faifan nan mai haƙora da kaca take ja). Baƙa ce sul, tana sheƙi, a ƙulle cikin leda mai rubutu kamar daga kamfani ta fito. Yana gaya wa mutane sabuwar ƙira ce, ba ta ci, wanda ya sa ta ya rabu da canjin roba har ya sayar da mashin. Kuɗinta ya kusa ninka na wadda aka saba. In ka tambaye shi ko roba ce, sai ya rantse maka roba ce. A nan wayonsa yake, domin a bakinmu bokiti roba ne, kujerar biki roba ce, taya ma roba ce. Abin da yake sayarwa filastik ne mai tauri, dangin bokiti da kujera, aka zuba shi a siffar robar mashin.

Masu mashin da yawa ba su taɓa ganin wannan roba ba, don a ɓoye take. Idan aka kwance tayar baya ta Boxer ko makamancinta, aka zare farantin da sufuroket yake ɗaure a kai, za a ga ramuka a cikin hob, wato cibiyar tayar, robobi suna zaune a ciki, galibi guda huɗu. Farantin yana da yatsu da suke shiga tsakanin robobin. Wato kaca ba ta jan taya kai tsaye. Kaca ta ja sufuroket, yatsun su danna roba, robar ce ke tura taya.

Injin waɗannan mashinan fistin ɗaya gare shi, kuma sai ya juya sau biyu wuta ke tashi sau ɗaya. Saboda haka ƙarfinsa bugu-bugu yake fitowa, kamar mai daka a turmi. Ga fizgar da ake samu in an saki kuloci, ga ta canjin giya, ga ta murɗa totur da sakinsa a cikin rami ko yashi. Robar nan ce take lotsawa ta shanye duk wannan, ta dawo yadda take. Cinyewar da take yi, aikinta ke nan: an yi ta ne don ta mutu a madadin kayan da suka fi ta tsada. Duk wanda ya ce maka tasa ba ta ci, ya riga ya gaya maka ba ta aiki.

Filastik ba ya lotsawa. Bugun da ya kamata ya tsaya a kansa sai ya wuce gaba da baya. Kaca ta riƙa saki tun lokacinta bai yi ba, haƙoran sufuroket su lanƙwashe kamar ƙugiya, boris ya fara kuka, wayoyin taya su kwance, haƙoran giya a cikin inji su yi ta shan duka. Mafi muni shi ne bangon ramukan hob, wanda alminiyon ne, ba ya jure bugu. Ga birkin baya a jikin wannan hob ɗin yake, zafinsa yana gasa filastik ɗin kullum har ya tsage ya marmashe.

Makon jiya wani yaro ɗan kabu-kabu ya turo mini mashin da ƙafa. Albasa yake ɗauka daga Aliero, buhu biyu a baya, ga hanyar gona kafin ya hau kwalta. Ya ce da ni: "Maigida, duba min wanga mashin, in na tashi sai in ji ƙwas a baya, yau kuma kaca ta faɗi ina cikin tafiya." Da na buɗe, sai ga gutsattsarin baƙin filastik suna zubowa kamar tsakuwa, bango biyu na hob sun tsage. Bai cika wata biyu da sa ta ba. Mashin ɗin ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum. Yanzu sai an sayi hob, an sake ɗinkin taya, an sa sabuwar kaca da sufuroket gaba da baya. Allah ya tsare, kacar gefe ta faɗa. Da ta naɗe ta kama tayar yana gudu da wannan lodi, ba zancen kayan gyara za mu yi ba. Shi ne na uku da ya zo mini da irin wannan ɓarna tun bayan ɗaukewar ruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai abokan sana'ata da suke sayen wannan kaya da yawa a hannun mutumin, suna sa wa jama'a. Wasu rashin sani ne. Wasu kuwa sun sani sarai, sun kuma san mai mashin zai dawo musu da babban gyara. 'Yan uwa, mutum ya ba ka abin da yake ciyar da iyalinsa da shi, ya tafi masallaci ko shan shayi ya bar ka da amana. Mu ji tsoron Allah.

Gane ta ba wuya. Ka danna mata farce: ta gaske za ta lotsa ta dawo, wannan kuwa farcenka ne zai lanƙwashe. Ka sake ta a kan siminti, roba za ta yi tsalle ba ƙara, filastik zai ce ƙas. Ka sunsuna, ta gaske warin taya take yi. In har yanzu kana shakka, yanki ɗan ƙyas a gefe ka sa masa ashana. Roba tana ƙonewa da baƙin hayaƙi da warin taya, filastik narkewa yake yana ɗiga. Mai kayan kirki ba zai hana ka buɗe leda ba. Shi wannan mutumin, da ka kai hannu zai ce in an buɗe an saya.

Wanda aka canza wa robar kwanan nan ba ya wurin, ya je a buɗe a gabansa ya gani, aikin bai kai rabin awa ba. Wanda kuma yake son sanin ko tasa ta mutu, ya kafe mashin, ya riƙe taya da hannu ɗaya, ya girgiza sufuroket gaba da baya da ɗayan. In yana wasa sosai, lokacin canji ya yi. Idan babu kuɗin sabuwa a ranar, a yanka tsohon tub a cusa ya cike giɓin, zai riƙe ka 'yan kwanaki, kuma ya fi filastik ɗin nan sau dubu. Wajen sa sabuwa a shafa mata ruwan sabulu, kada a sa giris ko baƙin mai, suna lalata roba.

Na kai maganar wurin shugabannin 'yan kabu-kabu na tasharmu, sun ce za su sanar a taronsu. Gutsattsarin da fasasshen hob ɗin yaron suna nan na ajiye a cikin gwangwani a rumfata, mai son gani ya biyo.