Nokta Simplex+ a jar ƙasar Kumasi: ko ta dace da fitar iyali bayan Sallah?

Kwana biyu bayan Sallar Layya nama ya soyu, an gama zagayen barka da Sallah daga Aboabo zuwa Asawase, ga gida cike da jikokin da suka zo daga Akra da Tamale, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. A irin wannan rana ce na'urar gano ƙarfe ke da amfani, domin a ɗebi yara da dattijo ɗaya ko biyu a tafi gonar iyali ko kangon tsohon gida a ga abin da ƙasa ta haɗiye. Nokta Simplex+ na cikin waɗanda masu fara wannan sha'awa suka fi saye, kuma ta cancanci kuɗinta, amma fa sai mai ita ya san halin ƙasarmu.

Kamfanin Nokta na Istanbul ne ya fitar da ita a 2019. Nauyinta kilo 1.3, sandarta tana tsawo tana gajarta, don haka yaro ɗan shekara goma da kawunsa dogo duk za su iya riƙe ta. Faifan binciken da ke ƙasan sandarta inci 11 ne, tana aiki da zango guda na kilohaz 12 (ma'aunin saurin siginar da take aikawa cikin ƙasa), kuma jikinta duka yana jure ruwa har zurfin mita 3. Batirinta a ciki yake, ana cajinsa da kan cajar waya ko fawa banki, yana kaiwa kamar awa 12 idan ba a kunna fitila da jijjiga ba. Allon yana nuna lamba daga 0 zuwa 99. Daga 0 zuwa 15 baƙin ƙarfe ne, sama da haka su sanholo, dalma, tagulla da azurfa ne. Tsarin bincike biyar ne: na fili, na lambu guda biyu, na bakin teku, da wanda ke kuka a kan kowane ƙarfe.

Abin da ya fifita ta a kan takwarorinta masu araha shi ne tana barin mutum ya daidaita ta da ƙasar da yake tsaye a kai. A Kumasi wannan ba ado ba ne. Jar ƙasar Asante da marmarar da ke ƙarƙashinta cike suke da tsatsar ƙarfe ta halitta, kuma na'ura tana jin wannan tsatsa kamar yadda take jin ƙusa. Na'urar da aka daidaita tun daga masana'anta, irin Garrett ACE 300, ba ta da wata mafita a nan sai a rage mata ƙarfin ji, zurfi kuma ya tafi tare da shi. A Simplex+ kuwa ga yadda ake yi. A nemi wurin da ba ta kuka ko kaɗan. A shiga wurin daidaita ƙasa, a danne maɓallin da ake tantance wuri da shi, a riƙa ɗaga faifan sama kamar santimita 15 zuwa 20 ana sauke shi har saura santimita 3 ya taɓa ƙasa, a hankali, faifan a shimfiɗe, har ta yi ƙara. Aikin minti ɗaya ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne yin hakan a kan ƙusar da ke binne ba a sani ba: lambar da za ta kama ƙarya ce, sai a wuni ana tona ramukan da babu komai. Idan an bar baƙar ƙasar gindin koko an hau tudu mai marmara, a sake daidaitawa. Haka idan an yi ruwa da dare.

Ko bayan an daidaita, akwai ƙananan duwatsun marmara masu nauyi da ke sa ta kuka. Ana gane su da cewa sautin ba ya tsayawa wuri ɗaya, lambar tana tsalle ko ta ƙi fitowa, kuma idan aka juyo ta wani ɓangaren aka sake shara sai ya ɓace. Kwabo na gaske yana amsawa iri ɗaya ko daga gabas aka zo masa ko daga kudu.

Maganar zurfi, kada a ruɗu da bidiyon da ake ɗauka a baƙar ƙasar Ingila. A jar ƙasa, kwabo ya fi samuwa tsakanin santimita 10 zuwa 20, wato taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Abu babba kamar tukunyar ƙarfe ana jinsa daga nesa fiye da haka. Ƙure ƙarfin ji ba ya ƙara zurfi a nan, surutu kawai yake ƙarawa. A rage mataki ɗaya ko biyu daga ƙarshe. Kusa da taransifoma ko wayoyin kamfanin lantarki na ECG na'urar takan rikice ko faifan yana sama, sai a sauya ɗan zangonta, akwai zaɓi uku. Wayar da ke aljihun gaba ma tana jawo haka, a mayar da ita baya.

Babban aibinta ga mai binciken tsohon gida shi ne faifan nan na inci 11. A gona shimfiɗaɗɗiya yana da kyau, yana cin fili da sauri. Amma kango a zango ko a ƙauye ba gona ba ne. Kowane taki akwai ƙusar rufi, gutsuren kwano, gwangwanin madara da na tumatir, murfin kwalbar lemo, ɓallin tukunyar sanholo. Babban faifai yakan rufe abu uku a lokaci guda, ƙusa ta danne muryar kwabon da ke gefenta. Wanda ya san zai fi yawo a kango ya sayi ƙaramin faifan SP24 mai inci 9.5 da 5, ya kuma rage sauri: shara ɗaya daga dama zuwa hagu ta ɗauki kamar daƙiƙa biyu, rabin sabuwar shara ta hau kan ta baya, faifan yana gogar ciyawa. Yara sukan ɗaga shi a ƙarshen kowace shara kamar masu lilo, a nan ake asarar rabin zurfin. Murfin kwalba kuwa babu na'ura mai zango guda da ya ƙyale. Yakan ba da lamba mai daɗi, amma idan aka ja faifan baya a hankali gefensa yakan yi gurnanin baƙin ƙarfe. Shi ya sa bai kamata a kashe sautin baƙin ƙarfe gaba ɗaya ba, a dai rage shi.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Ƙasan sandar roba ce, tana ɗan lanƙwasa idan an miƙe ta duka. Maɓallan suna da tauri saboda hana ruwa. Wayar cajin ba irin ta wayar hannu ba ce, bakinta na musamman ne, idan ta ɓata a hayaniyar Sallah ba abu ne da za a tsinta a kan teburin mai kayan waya a Adum ba. A ɗaure murfin wurin cajin sosai kafin a kusanci ruwa. Kuma tun da batirin ba ya cirewa, a cika shi tun dare, kada a dogara da wutar safe.

To me ake samu? Galibi kuɗin zamanin Turawa ne. Kwabo, ɗari da anini na Afirka ta Yamma duk masu huda ne a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida a baya, sa'annan da rubutun Larabci a fuskarsu da ke faɗin darajarsu. An fara buga kwabo da anini a 1907, ɗari kuma a 1911. Na farin ƙarfe sukan fito daga ƙasa ja-ja-ja kamar an shafa musu kunun kanwa ya bushe, na jan ƙarfe da aka koma bugawa daga 1952 kuma sukan yi kore ko baƙi. A ba yaron da ke zuwa makarantar allo ya goge da babban yatsa ya karanta Larabcin da kansa, sa'annan ya kai wa dattijuwar da ke zaune a inuwa: "Kaka, me ake saye da wannan?" Amsar takan fi kwabon daɗi, shi ya sa fitar ba ta cika ba idan ba a tafi da tsoho ba. Sule mai hoton bishiyar kwakwa na azurfa ne daga 1913 zuwa wajen 1920, bayan nan tagulla. Akwai kuɗin Ghana na 1958, da fesuwar 1965 mai kan Nkrumah. Fesuwar da ake kashewa tun 2007 kuwa ƙarfe ce aka yi wa rufi, lambarta tana rawa kamar ta tarkace. Wuri, wanda aka yi cinikin goro da shi a hanyar Salaga, ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta jinsa, sai dai ido ya gan shi a cikin ƙasar da aka tono. A kufai da ke kan tsohuwar hanyar fatake ta Mampong da Ejura da Atebubu ana iya cin karo da warwaro, zobe, ƙararrawa ko guntun linzami. Ma'aunin zinariya na tagulla da Asante ke kira abrammuo ba kasafai yake fitowa ba, kuma ana zuba sababbi har yau a ƙauyen Krofofrom kusa da Kumasi, don haka ba kowanne ne tsoho ba.

Ba na'urar zinariya ba ce. Zinariyar ƙasar nan yawanci gari ce, kilohaz 12 ba ya jin gari. Duk mai shagon da ya ce za ta nuna tukunyar zinariya a zurfin mita biyar, ko ya fito da wata mai eriya biyu da ya ce tana hango dukiya daga nesa, a riƙe kuɗi a fita. Kuma saboda galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, mutum da na'ura a bakin gona abin zargi ne. Tsarin mulkin 1992 ya ce duk ma'adinin da ke ƙasa na gwamnati ne, dokar gidan tarihi ta 1969 kuma ta hana tonon neman kayan tarihi ko fitar da su waje ba da takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana ba. Tsintar kwabon kaka a gonar gado daban, amma idan aka ci karo da kuduo (kwanon tagulla na gargajiyar Asante), tukwane a jere ko ƙashi, a tsaya, a ɗauki hoto, a rufe, a sanar da hukumar. A ƙasar Asante fili na kujerar sarauta ne, don haka bayan mai gona a gaida odikro, wato dagacin ƙauyen, kafin a sauke kaya, a nuna masa na'urar da abin da take yi. Maƙabarta, kurmin tsafi da kewayen tsohuwar ganuwar soja ta Kumasi ba wurin zuwa ba ne.

Kayan tono su ne rabin aikin. Cokalin lambu na kanti yakan lanƙwashe a marmara tun ramin farko. Maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, za su iya ƙera wuƙar tono daga sifirin mota, tsawon santimita 30, da haƙora a gefe ɗaya don yanke saiwa. A haɗa da safar hannu mai kauri, buhu biyu, ɗaya na shara ɗaya na abin kirki, da ƙaramar na'urar hannu ta lalube cikin rami, wadda ke rage lokacin tono sosai. A yanka ƙasa kamar kofaton doki, a kifa ta gefe, a zuba ta ciki a kan tsumma, a mayar a taka idan an gama. A tsakar gida bututun ruwa da wayar wuta sukan kwanta kusa da sama, sautin da ya miƙe a layi ɗaya dogo ba a tona shi. Harsashin da bai fashe ba a bar shi inda yake. Wanda tsatsa ta yanka ya je a duba allurar tetanus ɗinsa.

Lokaci ma yana da tasiri. Sallar da ta faɗo tsakanin Afrilu da Yuli ta fi daɗin tono, ƙasa da laushi, sauti kuma ya fi fitowa. A hunturu jar ƙasa kan zama kamar bulo, yara za su gaji a rami na uku. Awa biyu daga ƙarfe bakwai na safe ya isa, a raba aiki: ɗaya na shara, ɗaya na tono, ɗaya na rubuta lamba da zurfi a littafi, a sauya duk bayan minti goma sha biyar don kada a yi rigima.

Wanda zai saya yanzu zai tarar da sababbin ƙannenta na 2023, Simplex Lite da BT da Ultra, masu kilohaz 15, kuma duk abin da aka faɗa kan daidaita ƙasa ya shafe su. Idan ta hannu ce, a kunna ta a gaban mai sayarwa, a duba kunnuwan faifan ko sun tsage, a girgiza wayar faifan a ji ko za ta yi kukan ƙarya. Abin da aka tono kuma a wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori kawai. Lemon tsami, toka da soson ƙarfe suna cinye rubutun Larabcin nan tare da dattin, sai a bar mutum da faifan ƙarfe mai huda.